Man Makara

Ɗan ƙanwata ne ya kawo mini maganar har Treichville, ina zaune a ƙofar gida ina sauraron rurin manyan motocin da ke fitowa daga tashar jiragen ruwa. Yaro ne mai ladabi, ba zan zalunce shi ba, amma Hausarsa abar tausayi ce, kalma ɗaya tamu, uku na Faransa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya zaro waya ya nuna mini hoto. Makara ce jingine da bangon masallacin tsohuwar unguwarmu ta Adjamé, can wajen Bracodi. Matasan masallacin ne suka sa aka ƙera ta da katakon sedar, suka bi ta da man gwangwanin nan mai ƙyalli da suke kira werni, har tana ɗaukar ido kamar kabad ɗin amarya. Damina ɗaya ta ishe ta. Werni ya tashi ɓawo-ɓawo, ruwa ya shige ƙarƙashinsa ya kwanta, mahaɗar katakon duk ta yi baƙi.

"Kawu," in ji shi, "an ce Kaka kafinta ne, shi ke kula da ta dā. Me yake sa mata? Mun duba a waya, kowa da abin da yake faɗi."

Na ce, "An ce? To wanda ya ce maka hakan, bai ƙarasa maka labarin ba?"

Ya buɗe ido ya ce, "Wane labari, Kawu?"

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Abin da ya ci ubana da rai, abin da ya kore ni daga unguwar da aka binne cibiyata, yau jikan mutumin bai ma san an yi shi ba. An ci mu, an goge baki, an manta.

A zamaninmu lungun nan ba haka yake ba. Yanzu in ka shiga, hayaƙin motocin hayar nan na gbaka da ihun yaran mota ba za su bar ka ka ji kiran salla ba, kowace ƙofa an mai da ita shagon waya, kowa sauri yake kamar an biyo shi. A dā kuwa, gari na wayewa abin da za ka fara ji ƙarar bokitai ne a bakin famfon tsakar gida, mata na faɗan layi da Hausa da Julanci, sai ɗanyen ƙamshin ganyen da ake naɗe goro da shi yana fitowa daga sitocin alhazai, sai kuma zarton Baba. Rumfarsa manne take da bangon masallaci. Gajere ne, ba ya da yawan magana, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Babu gidan da babu aikin hannunsa a unguwar, daga ƙofa da taga har kujerar tsugunno ta mata da teburin mai tsire. Abin fere katakon nan da Faransawa ke kira rabo, da shi yake ɗan barkwancinsa. Yakan ɗaga shi ya ce rabo biyu gare shi a duniya, na Allah da na hannu, kuma na hannun ya fi jin magana. Dattawa su yi dariya su ce, "Astagfirullah, Kafinta!" shi kuwa ya ci gaba da fira katakonsa.

Katakon makarar dā ni na samo shi. A lokacin ina saurayi mai ji da ƙarfi, ina dako a tashar jiragen ruwa, sai aka farfasa wasu manyan akwatuna da suka zo daga ƙetare aka watsar da katakon. Ja-ja ne, ba nauyi, yana ƙamshi kamar fensirin da aka feƙe. Wani akawu ya ce mini sunansa sedar. Na ɗaure shi na haye gada da shi har gida. Baba ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce, "Wannan gara ba ta son sa. Ya fi ƙarfin benci." Makarar da masallaci ke da ita a lokacin ta gora ce, duk shekara sai ta ruɓe an sake. Ya ƙera sabuwa sadaka, bai sa mata ƙusar ƙarfe ko ɗaya ba, don ya ce ƙarfe na baƙanta sedar ya buɗe wa ruwa hanya. Da ƙusoshin itace ya haɗa ta, ya murje hannuwanta huɗu har suka yi santsi, saboda kada su ci kafaɗar masu ɗauka.

Masallacin ƙarami ne, ba wurin ajiye ta a ciki, don haka a waje take kwana ta wuni, ita da ruwan Abidjan da ba ya da ta-ido, da laimar da ke tasowa daga lagun, tafkin nan da ya ratsa gari. Baba yakan ce, "Itace ko an sare shi bai daina jin ƙishirwa ba. In ba ka ba shi mai ba, ruwa zai sha." Shi ya sa duk shekara kafin babbar damina sai ya sauko da ita. Mu kankare ta da fasasshiyar kwalba har launin ciki ya fito, a bar ta a inuwa ta sha iska, don rana tsaga katako take. Inna ta ɗora tsohon kasko a kan gawayi, ta narka kakin zuma cikin man lin, man iri da ake shafa wa katako, wanda ake sayowa a shagon wani Balarabe a kasuwar Treichville, warin ya cika gida har mu ƙi cin tuwo. Da ɗuminsa ake shafawa, da tsumma, ana bin jijiyar katako. Ƙarshen kowane katako, wurin da zarto ya yanka, nan Baba ke kira baki, ya ce ta nan itace ke sha, ya yi ta ɗura masa mai har sai ya ƙi karɓa. Haka mahaɗar hannuwa, inda ruwa ke samun wurin kwanciya. Sannan a goge rarar, a jira, a sake, a ƙarshe a ɗora ƙafafunta a kan duwatsu don kada su taɓa ƙasa. Ba ta ƙyalli. Amma in an yi ruwa sai ka ga ɗigon ya dunƙule ya gangare abinsa. Wannan werni nasu na yau riga ce ta leda, daga waje take tsayawa, ranar da ta huje kuwa ruwan da ya shiga ba ya da hanyar fita.

Sai dai unguwarmu tana da wata doka da ba a rubuta a ko'ina ba. Ban san wace tsohuwa ta ɗauko ta daga wane ƙauye ta kawo mana ba. Ba a gyara makara, ba a goge ta, ko juya ta ba a yi in akwai mai jinya a unguwa, wai shimfiɗa kake yi masa, wai mutuwa kake kira masa. Baba ya san camfi ne, amma mutum ne mai gudun fitina. Kafin ya taɓa ta sai ya aiki Inna ta zaga gidaje da sunan gaisuwa, ta dawo ta ce kowa lafiya, sannan a hura gawayi. Lokacin da unguwa ke 'yar ƙarama hakan na yiwuwa. Amma mutane suka yi ta kwararowa daga Arewa, ɗaki ɗaya ya koma na mutum goma, har ya zama ba ranar da za ta fito ta faɗi ba wani a kwance.

A shekarar da nake ba da labari, wanda ke kwance autan Alhaji mai goro ne, zazzaɓi ya kama shi ya ƙi saki. Alhajin nan shi ya rufa wa masallaci kwano, shi ke yanka sa ranar Mauludi, in ya yi tari sai sahu ya amsa. Babban ɗansa kuwa abokina ne. Ba zan kama sunansa ba, ɗan Alhaji ya ishe shi. A kwano ɗaya muke cin aceke, dambun rogon nan, da kifi, rigata yake sawa in sa tasa, Inna ba ta raba mana nama. Baba ya jira yaron ya tashi, yaro bai tashi ba. Hadari ya fara haɗuwa ta wajen teku kowace yamma, in kuwa ruwa ya sauka katako ya jiƙe, mai ba zai shiga ba sai wata shekara. Sai ya ja ni muka je wurin Liman bayan azahar.

"Allah gafarta malam, wannan magana ta makara, akwai ta a littafi?"

Liman ya yi murmushi ya ce, "Babu ita, Kafinta. Ajali ba ya jiran mai, ba kuma mai ke kawo shi ba."

"To in yi aikina?"

"Yi aikinka, Allah ya ba da lada."

Da kunnena na ji. Washegari da hantsi, a fili, gaban kowa, muka sauko da ita muka kankare, aka yi mata abin da aka saba. Na ga mata suna wucewa suna jan mayafi suna kallonmu ta gefen ido, na ɗauka ba komai.

Mai bai gama bushewa ba yaron ya cika. A kanta aka ɗauke shi, tana warin kaki, ni ma ina cikin masu ɗauka ina kuka, don tamkar ƙanena ne shi ma. Da aka dawo daga maƙabarta, jama'a ba su watse ba, sai ga ɗan Alhaji ya nufo rumfarmu, idanunsa jajur. Farar rigarsa ta yi tabon mai a kafaɗa, inda hannun makara ya zauna. Ya damƙi wurin ya nuna wa mutane.

"Ku duba! Ga shi nan a jikina! Yaro na kwance suna shafe masa gado. Ku kuka kira masa mutuwa!"

Ya sa ƙafa ya shure kaskon da ke gefen rumfa, sauran mai ya malale a ƙasa. Na tashi zan shaƙe shi, Baba ya riƙe mini hannu. Sai ya juya ya kalli Liman, yana jiran kalma ɗaya, kalmar da Liman ya faɗa mana da bakinsa. Liman ya dubi Alhaji, ya sunkuyar da kai, ya shiga jan carbi kamar yau aka ba shi shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kwanon da ke kansa na Alhaji ne. Tir da wannan shiru! Malamai da yawa na sani a garin nan masu faɗin gaskiya ko za a yanka su, amma namu ba ya cikinsu.

Daga ranar muka zama gidan man makara. Haka yara ke kiranmu a hanya, kuma yaro ba ya ƙirƙiro irin wannan, a gida yake ji. Wanda ya ba da aikin ƙofa ya aiko a karɓo katakonsa. Mai tsire ya kai teburinsa wurin wani kafinta ɗan Togo. In Inna ta shiga gidan suna ta miƙa hannu za ta karɓi jariri, sai uwar ta ce barci yake. Dattawa suka aiko wa Baba cewa kada ya ƙara taɓa makarar da shi ya ƙera. Abin da ya fi ci mini rai shi ne masallaci. Baba bai daina zuwa ba, ko sau ɗaya. Amma in an ta da salla, Liman ya ce a daidaita sahu a haɗa kafaɗu, sai ka ga an bar fili a damansa, an bar fili a hagunsa. Ni nake toshe ɗaya gefen in ina nan. Ɗayan haka yake zama a buɗe har a sallame.

Makara kuwa ba wanda ya ƙara kula ta. Wa zai taɓa, ya zama na biyu? Yara suka kwashe duwatsun ƙarƙashinta suna wasa, ƙafafunta suka zauna cikin ruwan da ke zubowa daga indararo. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Jan launin ya koma toka-toka, gansakuka ta fito a mahaɗa. Sedar itace ne mai haƙuri, daga waje ba ya nuna ciwonsa, sai a ɗauka a kai gawa a dawo a jingine, a ce ai ga ta nan garau. Wata rana muna fitowa daga sallar la'asar Baba ya tsaya yana kallonta, hannuwansa a bayansa kamar mai tsoron kada su kufce masa.

Ya ce, "Tana shan ruwa."

Na ce, "Ta sha ta mutu mana, Baba! Ina ruwanka da ita?"

Ya ce, "Wani za ta kayar."

Zarto ya yi tsatsa a rumfa, Baba ma ya yi ta ramewa. Ba wata cuta da likita ya iya kama sunanta. Cikin babbar damina ya rasu, da safe, ruwa na zuba kamar da bakin ƙwarya. Mutane sun zo, ba zan yi musu ƙarya ba, don ko maƙiyinka ne ka san hakkin gawa. Har ɗan Alhaji ya zo ya tsaya daga baya da lema. Aka yi wa Baba wanka aka sa shi a likkafani, aka sallace shi, aka ɗora a makara. Ni na kama hannun gaba na hagu. Muka ɗaga, muka ɗan taka zuwa bakin lungu, sai na ji abu ya yi laushi a kafaɗata. Ko ƙara bai yi ba. Hannun ya rabu da jikinta daga mahaɗa, cikinsa baƙi ƙirin, yana marmashewa kamar jiƙaƙƙen burodi. Makara ta karkace, Baba ya zame. Na saki guntun na kai hannu, amma ban riga ƙasa ba. Kafaɗarsa da gefen kansa suka shiga taɓon bakin kwata.

Aka ɗauki salati. Ina durƙushe cikin ruwa ina rungume da ubana, ina goge taɓo daga likkafaninsa da hannun rigata, sai na ji murya daga baya, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Kun gani ko? Ita ma ta ƙi shi."

Na san muryar, da ita na girma. Kuma na ji wasu sun yi ƙasa da murya sun ce, "Allahu akbar," irin ta waɗanda aka nuna wa aya. Ƙofar ɗakinmu muka ɓalle, wadda Baba ya yi da hannunsa, a kanta muka kai shi. Bayan addu'ar bakwai na kwashe Inna da ƙannena muka haye gada zuwa Treichville, ban sake sa goshina a masallacin nan ba. Alhaji ya mutu, Liman ya mutu, na bar su da Allah, uban da ya rasa ɗa ba ya cikin hankalinsa, matsoraci kuma halinsa ke nan. Amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wanda ya ci tuwon Inna, ya san Baba ciki da bai, ya tsaya a kan gawarsa ya faɗi wannan magana, shi na riƙe, kuma ban gaji da riƙonsa ba.

Duk wannan ban faɗa wa ɗan ƙanwata ba a ranar. Tambayarsa na yi wa ke shugabantar matasan masallacin. Ya kama sunan wani, na gane ɗan abokin nan nawa ne na dā. Sai ya ƙara da cewa, "Babansa ma yana kwance, Kawu, ya daɗe ba ya tashi. Ƙafafu sun kumbura."

"Yana kwance, kuma kuna neman a shafa wa makara mai?"

"Eh mana. Akwai matsala ne?"

Na yi wata dariya da ni kaina ban ji daɗinta ba. Na ce ya je, gobe ina tafe.

Washegari na sami ɗan Alhaji a ɗakin da muke kwana muna samari, an dai sa masa tayil da fanka. Ya yi ƙiba irin ta ciwo, ya cika gado, numfashi na fita da ƙyar. Ɗansa ya shigar da ni da murna, yana cewa ga wani tsohon abokin babansa ya zo dubiya. Uban ya juyo da kai ya daɗe yana kallona.

"Kai ne?"

"Ni ne. Ba dubiya na zo ba."

"Na sani."

"Damina ta ƙarato. Yaranka sun ce in shafa wa makara mai. Tunda ku ne masu doka a unguwar nan, na ce bari in tambaya. In shafa yanzu, ko in jira ka mutu?"

Ɗan ya zabura ya ce, "Subhanallahi! Dattijo, wace irin magana ce wannan a gaban maras lafiya?" Uban ya ɗaga masa hannu ya tsayar da shi. Fanka na ta juyawa. Na tsaya a kansa ina jira, kamar yadda Baba ya jira Liman.

Can ya ce, "Ka shafa." Ya ja numfashi. "Ka cika mata a mahaɗar hannu. Na fi Babanka nauyi."

Ashe ya sani. Duk shekarun nan ya san abin da ya karya hannun nan, ya san ba ƙin Baba ta yi ba, ruwa ta sha. Na nuna ɗansa na ce, "To faɗa masa. Ga shi nan tsaye. Faɗa masa wa ya hana a shafa wa waccan, da abin da ka ce ranar da ta kayar da ubana. Faɗa da bakinka, yaran nan su ji." Ya kalli ɗansa, ya kalle ni, leɓensa ya motsa. Sai ya juya fuskarsa bango ya ja bargo.

Na fita na sa yaran suka sauko da ita. Muka kankare werni tas, na aika aka nemo man lin da kakin zuma, na hura gawayi a ƙofar masallaci da rana tsaka, daidai inda tagar ɗan Alhaji ke kallo, iska na kai masa warin har gado. Ba wanda ya ja mayafi, ba wanda ya kalle ni ta gefen ido, wasu ma hoto suke ɗauka. Na ɗura wa kowace mahaɗa mai har ta ƙi karɓa, ta hannun gaba na hagu na koma mata na sake. Ba za ta kayar da shi ba, aikin gidanmu ba ya kayar da mutum. Amma ranar da za a ɗauke shi, su nemi kafaɗa ta huɗu a wani wuri.